Rabon Kare Tun Daga Tukunya Ake Cire Shi

Jama'a masu sauraro, na cikin birnin Haɗeja da na garuruwan bakin kogi, daga Auyo da Kafin Hausa har zuwa Guri da Kirikasamma, sharhinmu na yau ya shafi wata dabba da kusan kowace unguwa take da ita amma ba a cika yin zancenta a bainar jama'a ba, wato kare, da kuma abin da muke zuba masa ya ci. A ƙasar nan tamu kare ma'aikaci ne. Shi ke kwana a bakin garke yana tsaron shanun makiyayi, shi ke gadin lambun albasa da na tattasai a fadama da rani, shi ke gaban mafarauci in an fita daji, ga kuma masu hali a cikin gari da suka fara sayo manyan karnukan waje da kuɗi masu yawa saboda tsaron gida. Duk da wannan hidima, abincinsa a yawancin gidaje guda ɗaya ne, wato abin da ya rage bayan kowa ya ƙoshi. A tattara ƙanzo da guntun miya da ƙasusuwa da ƙayar kifi da tuwon da ya kwana biyu, a juye a fasasshen kasko, a tura masa da ƙafa. Abin da nake so in kafa muku hujja a kansa shi ne, wannan al'ada tana kashe karnuka a hankali ba tare da masu su sun gane dalili ba, kuma wani ɓangare na cutar yana zagayowa ya dawo kan 'ya'yanmu da dabbobinmu. Gyaran kuwa ba kuɗi yake ci ba. Abin da yake bukata kawai a cire rabon kare tun daga tukunya, kafin a zuba kayan haɗi, maimakon a jira sai an suɗe hannu a kwashe masa abin da ya kamata a zubar.

Na san amsar farko da mai sauraro zai bayar. Zai ce tun iyaye da kakanni da ƙanzo da dusa ake kiwon kare, kuma da shi aka kamo zomo da gada, yau kuma za a ce mana ƙanzo guba ne? Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma ilimin zamani ma ya goyi bayanta. A shekarar 2013 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa zaman da kare ya yi da ɗan Adam na dubban shekaru ya sa cikinsa ya fi na kyarkeci, ɗan uwansa na daji, iya narkar da abincin hatsi. Saboda haka tuwon dawa ko na gero ko na masara, da dafaffiyar shinkafa wadda Allah ya hore mana a wannan kwari, babu laifi a ba kare. Sai dai tukunyar kakanninmu daban take da ta yau. A da tuwo ne da miyar kuka ko ta kuɓewa, da daddawa da ɗan gishiri da kanwa. Yau an cika miya da albasa da tafarnuwa da magi da attarugu da mai, ga taliyar yara mai zuwa da ƙunshin garin ɗanɗano, ga alale da ake dafawa cikin leda. Sannan akwai abin da ba mu lissafawa. Muna tuna karen da ya tsufa a gida, muna mantawa da kwiyakwiyi shida da aka haifa tare da shi waɗanda ba su ga damina ta biyu ba. Babu mai buɗe cikin mataccen kare a ƙauye ya ga abin da ya kashe shi. Sai a ce sammu ne, ko a ce maƙwabci ne ya sa masa guba, har zumunci ya ɓaci a kan zato, alhali sau da yawa gubar daga madafar gidan ta fito.

Mu ɗauki albasa, domin ita ce ta fi kusa da mu, muna noma ta, kuma da wuya a ɗora tukunya babu ita. Albasa da tafarnuwa da lawashi suna ɗauke da wasu sinadarai da jikin mutum ke jurewa lafiya lau, amma a jikin kare suna lalata jajayen ƙwayoyin jini, su sa su farfashe tun kwanansu bai ƙare ba. Likitocin dabbobi sun auna cewa in kare ya ci albasar da ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa a zama guda, to jininsa ya shiga haɗari. Karen gida mai nauyin kilo 15 ke nan giram 75 ya ishe shi, abin da bai kai matsakaiciyar albasa guda ba. Tafarnuwa ta fi ta ƙarfi. Dahuwa ba ta kashe wannan sinadari, suya ba ta kashe shi, busarwa ma sai dai ta tattara shi wuri ɗaya. Kuma ba dole sai an ci da yawa a rana ɗaya ba, kaɗan-kaɗan kullum ma yana taruwa ya yi ɓarna. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne, ciwon ba ya nunawa nan take. Yau an yi biki an juye wa kare ragowar dafa-duka da yankakkiyar albasar da aka bari a faranti, ya cinye yana kaɗa jela. Sai bayan kwana biyu zuwa biyar a ga ya kwanta a inuwa ba ya son tashi, yana haki ko da bai yi gudu ba. In ka ɗaga leɓensa za ka ga dasashinsa da ya kamata ya zama ja ya yi fari fat ko ya yi ɗorawa, fitsarinsa kuma ya koma ja ko launin shayi. Zuwa lokacin an manta da shinkafar biki, babu wanda zai haɗa wannan da wancan. A ƙara da cewa yawancin karnukanmu dama jininsu a ƙarance yake saboda kaska da tsutsar ciki, to ɗan abin da lafiyayyen kare zai iya jurewa, su shi ne zai kai su ƙasa.

Gishiri da magi kuwa, gwargwadon da muke sa wa miya domin harshenmu ya yi wa kare yawa, musamman a zafin bazara in an ɗaure shi babu ruwa a kusa. Barkono ba ya ƙara masa zafin rai kamar yadda wasu ke zato, zawo da amai kawai yake jawo masa. Maiƙo ya fi su haɗari. Kwanakin babbar Sallah, kare da ya shekara a kan tuwo sai a wayi gari an tara masa kitse da man suya da ƙasan kaskon soye. Akwai wata 'yar gaɓa kusa da tumbi da ke fitar da ruwan narkar da mai, kuma irin wannan lodi na dare ɗaya yana sa ta kumbura, kare ya yi ta amai, ya ƙanƙame ciki, wani lokaci ya mutu. Goro da ganyen shayi da kofi da cakulan duk suna ɗauke da sinadarin da ke zaburar da zuciya, mu jikinmu yana fitar da shi da wuri, na kare kuwa yana riƙe shi sa'o'i masu yawa har zuciya ta rikice ko jiki ya kama karkarwa. Inabi da zabibi suna iya tsayar masa da ƙoda. Ɗanyen ƙullun fanke ko na burodi da aka sa wa yis yana ci gaba da tashi a cikin tumbinsa. Waɗannan ba kullum suke faruwa ba, amma yara ne suka fi jefa wa kare irinsu cikin wasa, don haka ya kamata iyaye su sani.

Sai batun ƙashi, inda za a ce ai kowa ya san kare da ƙashi. Gaskiya ne yana son sa, amma son abu daban, amfaninsa daban. Ƙashin da ya sha wuta, na kaza ko na zabo ko haƙarƙarin akuya, yana bushewa ya yi gautsi, in an tauna shi sai ya tsage ya yi tsini. Yana maƙalewa a tsakanin haƙora ko a maƙogwaro, yana huda hanji, ko ya taru ya toshe bayan gida. Mu kuma a nan muna da ƙari a kan na sauran wurare, saboda mu mutanen kifi ne. Duk wanda ya taɓa gyaran tarwaɗa ko ƙurungu ya san ƙayar da ke gefen kansu da ta gadon bayan ƙurungu, mai ƙarfi, mai haƙora irin na zarto, wadda in ta shiga hannun masunci ba ta fita sai da jini. Wannan ƙaya ce muke tarawa da kawunan kifin banda mu miƙa wa dabbar da ba ta tsayawa tauna, haɗiya kawai take yi. Haka tsinken tsire da sauran nama a jiki, da totuwar masara, da ledar alale ko ta awara da ke ƙanshin mai. Kare ba ya raba abinci da mazubinsa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya tsaya a hanji, babu abin da zai fitar da shi sai tiyata, kuma kowa ya san nisan da ke tsakanin rugar da ke bayan Baturiya da teburin tiyatar dabbobi.

Akwai wata ɗabi'a kuma da muke ganin tattali ce. Hatsi ya yi fumfuna, gyaɗa ta yi ɗaci, tuwo ya yi yami ya fara gashi, sai a ce kada a yi asara, a ba kare da kaji. Bayan ambaliyar 2020 da ta 2022, wadda ta ci gonaki da gidaje a garuruwan bakin kogin nan, rumbuna da yawa sun jiƙe, kuma ko a shekarar da babu ambaliya laimar fadama ta ishi masara da gyaɗa su lalace in ba su bushe sosai ba. Wani nau'in fumfuna yana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke cin hanta. Duniya ta fara saninta ne a 1960, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Burazil. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar gurɓatacciyar masara. Kare yana cikin dabbobin da wannan guba ta fi saurin kayarwa, kuma tafasa ba ta karya ta. Hatsin da uwar gida ta shinshina ta ce bai dace da 'ya'yanta ba, bai dace da kare ba, bai dace da kajin da za mu ci ƙwansu ba.

Zuwa nan wani zai ce, to, duk wannan asarar kare ce da mai shi, me ya shafi wanda ba ya kiwon kare? A nan ne maganar ta fi nauyi. Ku dubi abin da ke faruwa da sassafe a kowace kwata. An feɗe saniya ko rago ko raƙumi, mahauci ya ɗago huhu ko hanta ya ga wasu ƙulluttai cike da ruwa. Ya san ba za su sayu ba, sai ya sa wuƙa ya yanke wurin, ya wurga bayansa, karnuka uku ko huɗu da suka saba jira su yi wawa a kai. A ganinsa ya tsabtace nama ne, ya kuma yi sadaka. Alhali waɗannan ƙulluttai jariran wata ƙaramar tsila ce, wadda ba ta girma sai a hanjin kare. Kare ya ci, tsilar ta balaga a cikinsa ba tare da ya nuna alamar ciwo ba, ta riƙa sakin ƙwai da ido ba ya gani a cikin kashinsa. Ƙwan ya bi ciyawa, ya bi ruwan lambu, ya manne a gashin karen da yaro ke shafawa kafin ya kai hannu baki. Dabba ta ci, ƙulluttan su sake fitowa a huhunta. Mutum ya haɗiya, ƙullutun ya yi shekaru yana girma a hantarsa ko huhunsa, har sai ciki ya kumbura ko tari ya ƙi jin magani, wani lokaci sai an yi masa aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cuta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, ta kuma ce a kowane lokaci akwai fiye da mutum miliyan ɗaya da ke ɗauke da ita. Ba cutar nesa ba ce. Tun shekarun 1970 likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka gano ta a dabbobin da ake yankawa a Kano, kuma raƙuma ne suka fi yawan ɗauke da ita. Akwai 'yar uwarta da ke kama ƙwaƙwalwar tumaki, ka ga tunkiya tana zagaye wuri ɗaya har ta faɗi. In aka yanka ta aka jefa wa kare ɗanyen kan, an sake shuka cutar a garken ke nan. Makiyayin da ke yin haka da hannunsa yake rage dukiyarsa.

Darasi mafi girma ga mutanen kogi irinmu yana ƙasar Chadi. Dattawa ba su manta da kurkunu ba, yadda yake kwantar da magidanci tsakiyar damina, ƙafa a kumbure, gona ta cika da ciyawa. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Najeriya. Da ƙoƙarin ma'aikatan lafiya na ƙauyuka da Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon, aka ga mutum na ƙarshe mai cutar a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Najeriya shaidar rabuwa da ita a 2013. A duniya baki ɗaya an sauko daga mutum miliyan uku da rabi a 1986 zuwa 13 kacal a 2022. Ana dab da rufe littafinta sai wani abu ya ɓullo da ba a yi tsammani ba. Daga 2012 aka fara ganin kurkunu yana fitowa a ƙafafun karnuka a ƙauyukan masunta na bakin kogin Shari, kuma a 2019 karnukan da suka kamu sun kusa 2,000. Da masu bincike suka bi diddigi, zarginsu ya fi ƙarfi a kan ɗanyen hanjin kifi da kwaɗi da ake watsar wa karnuka lokacin kamun kifi, domin ƙananan halittun ruwa masu ɗauke da jaririn kurkunu suna cikin abin da kifi da 'ya'yan kwaɗi ke haɗiya. Kare mai kurkunu kuma in ya shiga tafki ya sanyaya ƙafa, ya zuba dubban jarirai a ruwan da mutane ke sha. Maganin da aka ba masuntan Chadi shi ne su riƙa binne kayan cikin kifi, su kuma ɗaure karnukansu a lokacin da cutar ke yaɗuwa. Ba ina cewa kurkunu ya dawo Haɗeja ba ne, alhamdu lillahi bai dawo ba. Amma ruwan kogin nan namu, bayan ya haɗu da na Jama'are ya zama kogin Yobe, a Tafkin Chadi yake ƙarewa, inda shi ma Shari yake zuba. Masunta suna kai da kawowa, sana'ar kifi da ta kwaɗi tana ci a nan, kuma tulin hanjin kifi a bakin ruwa da karnuka kewaye da shi abu ne da muke gani kullum. Rami guda da za a haƙa a binne shi bai kai wahalar jinyar mutum ɗaya ba.

Yanzu ga suka mafi ƙarfi, wadda ba zan raina ta ba. Wani zai ce ana fama da tsadar kwanon masara, akwai gidajen da ba a ɗora tukunya sau uku, kai kuma ka zo rediyo kana zancen abincin kare. Wanda ya faɗi haka yana da hujja, kuma da a ce ina kira ne a sayo wa kare abincin gwangwani ko na buhu daga kanti, da ya yi daidai ya kashe rediyonsa. Ba wannan nake cewa ba, kuma abincin kanti ma ba shi da tabbas, domin a Amurka tsakanin ƙarshen 2020 da farkon 2021 karnuka fiye da 100 sun mutu bayan cin abincin buhu da aka yi da masara mai afalatoksin. Abin da nake nema duka ragi ne, babu ƙari. Kada a zuba miya a kan tuwon kare, miyar ma ta ƙara auki ga mutanen gida. Kada a ba shi dafaffen ƙashi. A tafasa kayan ciki a ragowar garwashin da aka sauke tuwo. Talaka ne ma ya fi kowa bukatar wannan, saboda shi ne in karensa ya mutu ɓarawo zai shiga lambunsa, shi ne kuma ba shi da kuɗin tiyata in ɗansa ya kamu da ƙullutun hanta. Sannan kare da ke dogara da abin da ya rage, ranar da babu ragowa sai ya fita neman kansa a juji da kwata da bayan kasuwa, inda yake cizo da karnukan da babu mai su. Ta nan haukan kare ke shigowa gida. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasin cutar na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma kimanin 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Karen da ya san yana da kasonsa safe da yamma a gida ya fi zama a gida.

Akwai kuma masu ganin cewa kare ƙazantacce ne, don haka duk abin da aka jefa masa ya ishe shi. Malamai suna nan, su ne masu fatawa, amma abin da ɗalibi ya sani a fili yake. Hadisan da suka hana ajiye kare haka kawai su ne kuma suka keɓe na farauta da na kiwo da na gona. Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren mafarauci daga dabbobi ya kamo. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne a zatinsa, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Wanda bai ga dalilin ajiye kare ba, kada ya ajiye, babu mai tilasta shi. Amma wanda ya ɗaure shi a ƙofar gida yana cin moriyar haushinsa da dare, to ya ɗauki amana, kuma ciyar da shi abin da aka san yana cutar da shi cin wannan amana ne. A da ana iya cewa ba a sani ba. Wanda ya ji wannan sharhi ya sani.

Abin da ya dace da kaskon kare duk yana cikin gidajenmu. Malmalar tuwo ko shinkafa da aka ɗebe kafin a sa gishiri da miya, da dusar da aka dafa, da wake da ya nuna lugub, da kabewa ko dankali. Sai dai hatsi kaɗai ba ya gina jiki, shi ya sa ake ganin kwikwiyon da aka raina da koko da tuwo zalla yana tasowa da ƙaton ciki da gwamayen ƙafafu. A haɗa masa da lafiyayyen kayan ciki da aka tafasa sosai, ko tsokar kifi da aka zare wa ƙaya, ko ƙananan busassun kifi da aka daka lukui, ko dafaffen ƙwai in an samu. A ajiye masa ruwa mai tsabta a inuwa, a wanke kaskon, abin da ya bari kuma kada ya kwana ya wuni a rana. A riƙa ba shi maganin tsutsar ciki wanda ke kashe tsila, bisa shawarar ma'aikacin lafiyar dabbobi, da allurar haukan kare duk shekara, wadda a ƙasar nan ma ake yin ta, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato. In kuma kare ya riga ya ci abin da bai dace ba, kada a danne shi a ɗura masa manja ko ruwan gishiri, domin yana iya shaƙewa abin ya gangara huhu, gishirin kuma guba ce ta biyu. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su farasitamol da ibufurofen, suna lalata masa hanta da ƙoda da tumbi. In ƙashi ko ƙaya ya haɗiya, kada a nemi sa shi amai. A kai shi asibitin dabbobi, a faɗa wa ma'aikaci ainihin abin da ya ci da ranar da ya ci.

Kirana na farko ga sarakunan fawa ne na Haɗeja da Malam Madori da Kaugama da Birniwa da duk inda ake yanka: a tanadi rami mai zurfi ko wurin ƙonawa a kowace kwata, duk huhu ko hantar da aka ga ƙullutu a jiki can za ta, a kuma hana karnuka shiga wurin fiɗa. Sarakunan ruwa da masu bandar kifi da masu sana'ar kwaɗi, a binne kayan ciki kafin a tashi daga bakin ruwa. Shugabannin mafarauta da arɗo-arɗo, ku ne kuka fi kowa yawan karnuka kuma ana jin maganarku, ku haɗa kan mutanenku a kai su allura, ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, a nemi ma'aikatan dabbobi na ƙaramar hukuma su fito. Iyayenmu mata kuma, ludayin yana hannunku, yau da daddare in za a kwashe tuwo a cire na kare gefe kafin miya ta hau. Duk yaron da kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira a ga abin da zai faru da karen. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.